Zagin da Sajo Bai Rama Ba

A Cadawa, ba zakara ke tada unguwar bayan tasha ba, ƙamshi ne. Tun rana ba ta gama wanke ido ba hayaƙin suyar gujiya ke tasowa daga gidan Hajiya Lami, ya tsallake danga, ya bi lungu yana leƙa ɗakuna, har ya kai bakin kwalta inda motocin Maraɗi da Damagaram ke tsayawa. Bayan ƙamshi sai ƙarar inji. Bayan ƙarar inji sai muryar Hajiya, wadda ta fi injin kaiwa nesa.

Kakanta Babarbare ne. Daga gabas ya zo da raƙuma biyu da kayan kanwa, raƙumi ɗaya ya mutu masa a nan, shi kuwa ya ce ba ya tafiya ya bar kabarin dukiyarsa, ya zauna. Barbarci ya bi raƙumin. A bakin Lami kalma uku suka rage, biyu daga ciki ma ba ta da tabbacin ma'anarsu. Abin da ta gada cikakke shi ne zanen da ke kumatunta, da ikon zagin duk Bafillacen da Allah ya kawo gabanta. Wasan Barebari da Fulani ya girmi kowa a garin nan. Kowane ɓangare na cewa ɗayan bawansa ne, a zaga a rama, ba fushi, ba kai ƙara. Wanda aka zaga ya yi shiru, shi ne ya yi rashin ladabi.

Tana da shekara tara ta fara kai tiren ƙuli-ƙuli bakin hanya, tana bin tagogin motoci da gudu. A can muryar ta buɗe, ba ta sake rufewa ba. Ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu ya bar mata gida da jaki. Ta sayar da jakin ta ƙara kaskon suya. Kasko ya haifi kasko, har ta sayi injin markaɗe mai shan gazuwal, ta je Makka ta dawo da haƙori mai ƙyalli. Yau mata shida ke aiki a tsakar gidanta, masu suya da masu matsar mai da masu murza ƙuli-ƙuli, babbarsu Maijidda, wadda suka taso tare. Namiji ɗaya ne a cikinsu, Sajo mai inji.

Shekara goma sha bakwai ke nan da ya shigo gidan, ba kuma aiki ya zo nema ba. Fari ya cinye garken ubansa a can wajen Sae Sabuwa, shanu huɗu suka rage, ya zo neman dusar da zai riƙe su da ita. Dogo, siriri, da sanda a wuya. Lami ta ɗago daga bakin kasko ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya kwance wannan kara ya bar shi yana yawo?" ta ce. "Bawana, ka zo gaida uwargijiyarka?"

Hausar Sajo a lokacin ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. Ya tsaya ya ƙare wa kumatunta kallo.

"Na zo duba dukiyana," ya ce. "Babana ya ce ya bar wani baiwa a garin nan, ya yi mishi zane a huska don kada ya ɓace. To, ga shi na gan ka."

Matan suka yi dariya har kasko ɗaya ya ƙone. Lami ta ce duk mai irin wannan baki ba ya rasa kai, ta ba shi dusa, ta ce gobe ya dawo ya koyi inji.

Ya koya, amma ta hanyarsa. Bai taɓa yarda cewa inji ƙarfe ba ne. Ya sa masa suna Ɓale, yadda ake kiran baƙar saniya, kowace safiya ya shafa bayansa, ya yi masa magana da Fillanci, ya ba shi ruwa kafin shi kansa ya sha. Daga ƙara kaɗai yake gane in Ɓale ba ya jin daɗi. Injinan wasu sun mutu an sayo sababbi, Ɓale na nan yana tari yana aiki.

Kowace safiya kuwa, kafin a tada inji, sai an yi gaisuwa.

"Bawana ya iso! An sha nono ko an zo shan nawa?"

"Baiwana, ka share gidan kuwa? Ko sai na sai da kai Jibiya?"

Maƙwabta na gyara agogonsu da wannan.

Bara ne, ƙarshen damina, gero ya fid da kai, abin ya fara. Ba rana ɗaya ya zo ba. Sajo ya fara makara. Ya daina shafa Ɓale. Furar da ake ajiye masa da hantsi ta riƙa kaiwa la'asar har ta yi tsami, ƙudaje suna zagaya ta. Sai a gan shi tsaye ya ƙura wa bango ido, kamar an rubuta wani abu a jiki. Kowa ya samo wa abin dalili: zafi ne, gajiya ce, ko azumin nafila yake yi bai faɗa ba. Gaisuwar safe yana amsa ta, amma gajeriya, kamar tsohon zane da ya sha wanki.

Wata Talata ya manta da daro a bakin inji, markaɗe ya cika ya tumbatsa ya malale ƙasa. Lami ta taso.

"Kai dai Sajo ba ka da amfani! Jakin da na sayar ya fi ka. Da na sani shi na bari, kai na kai kasuwa."

Ta faɗi wannan ya fi sau dubu, amsarsa ma kowa ya haddace ta. Matan suka tsai da matsar mai suna jira. Sajo ya dubi markaɗen da ke bin ƙasa, ya ce a hankali:

"Kin faɗi gaskiya, Hajiya."

Daga baya Maijidda ta ce ba gaskiyar ce ta tsorata ta ba, "kin" ɗin ne. Shekara goma sha bakwai mutum na ce maka "kai", rana ɗaya ya gyara Hausarsa, ai ka san wani abu ya lalace.

"In wata ya mutu zan bar aiki," in ji Sajo. "Ki nemi mai amfani."

"Ka tahi ina?"

"Daji."

"Ka yi mi a daji?"

Ya ɗauko tsumma ya durƙusa yana kwashe markaɗen. Saura kwana ashirin wata ya mutu.

Lami ta juya abin a ranta, ta kai ga hukunci irin wanda jikar Babarbare kaɗai za ta kai. A ganinta wasan ne ya yi sanyi, abin da ya yi sanyi kuwa ice ake ƙara masa. In ta zage shi zagin da ya kai zagi, jinin Fulani zai motsa, dole ya rama, in ya rama kuwa ya warke. Ta shiga tanadin zagi yadda take tanadin kayan kasuwa. Ta zagi ƙafafunsa, ta zagi hularsa, ta zagi kakan kakansa da ya ga rijiya ya yi mata sallama. Sajo ya ce, "Haka ne." Ta ƙara. Ya ce, "To."

Da ta ga ita kaɗai ba ta isa ba, ta aika a kira Labo mai shayi na tasha, shi ma Babarbare, wanda aka ce ya taɓa zagin wani Bafillace har mutumin ya manta da ragon da ya zo sayarwa. Labo ya zo da sabuwar riga, kamar an gayyace shi suna. Ya zagaya Sajo sau ɗaya, ya gyara murya.

"Sajo, shekaranjiya da iskar nan ta taso, an ce Hajiya ta ɗaure ka jikin inji da igiya, don kada a tsince ka Tasawa."

Matan suka kwashe da dariya. Sajo ya ɗago.

"Da ta bari," ya ce.

Dariyar ta tsinke a tsakiya. Labo ya gyara hula, ya ja Lami gefe.

"Hajiya, ni na koma wajen shayina. Wanga ba wasa ba ne. Ina zaginshi yana taya ni."

Daga nan matan gidan suka karɓi aiki. Ɗaya ta ce ciwon shawara ne, ta kawo jiƙon saiwa. Ɗaya ta ce iska ce ya gamu da ita a gindin tsamiya, ta kawo hayaƙi. Aka karɓo rubutu. Lami ta aika har ruga aka samo kindirmo mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Duk abin da aka miƙa masa ya karɓa, ya kurɓa, ya yi godiya, ya koma ga bangonsa.

"Ki gwada yabo," in ji Maijidda.

"In yabi Bahillace? Da bakin nan nawa?"

"Zagi ya ƙi ci. Mi ya rage?"

Lami ba ta taɓa yi ba, sai da ta shiga ɗaki ta gwada a gaban madubi. Ta fito tana gumi, ta tsaya gaban inji, ta ɗaga murya don ba ta san yadda ake sauke ta ba.

"Sajo! Kai mutumin kirki ne. Aikinka na da kyau. Fulani ma..." ta haɗiye miyau, "Fulani ma mutane ne."

Tsakar gida ta yi tsit, har ana jin gujiya na fashewa a kasko. Wata mai sayen mai da ke bakin ƙofa ta ajiye bidonta, jarkar da ta zo a zuba mata, ta fita da sauri. Kafin la'asar labari ya kai tasha cewa Hajiya Lami ta fara neman gafarar Fulani, ajali ya matso. Maƙwabta suka riƙa shigowa da kunu suna magana ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce ta yafe mata duniya da lahira. Ƴarta Asiya, wadda ke aikin ungozoma a Maraɗi, ta bugo waya tana kuka tana cewa don me aka ɓoye mata.

Sajo kuwa, da aka tashi aiki, ya zo ya tsaya nesa kaɗan.

"Na gane, Hajiya," ya ce. "Mu ma a wurinmu sai mutum ya tahi ake yabonshi. Ba komi."

Saura kwana goma. Washegari da yamma Lami ta yafa mayafi ta nufi bakin gari, inda Sajo ya kafa gida. Ta tarar da matarsa Inno tana wanke ƙore. Inno ba ta faɗin sunan mijinta, "shi" kawai take cewa. Ta ce ba a yi mutuwa ba bana, ba a yi faɗa ba, shanun nan huɗu ma sun zama tara suna hannun ƙanensa Dikko. Ba abin da ya faru. Barci ne ba ya yi, yara na hawa jikinsa yana zaune kamar turmi.

"Wancan mako Dikko ya zo," in ji Inno, idonta na kan ƙwarya. "Shi ya ɗauko sandarshi ya ba shi. Ya ce shanu naka ne, yara ma naka ne."

Lami ta yi salati a ranta. Ta yi shekaru tana zagin sandar Fulani, don haka ta fi kowa sanin cewa mai rai ba ya kyauta da ita.

Kashegari da azahar aka kashe inji, matan suka shiga ciki salla. Sajo na zaune kan buhu. Lami ta jawo wani buhun ta zauna kusa da shi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tana da shekara tara: ta yi shiru. Ba da sauƙi ba. Magana ta taso har bakin haƙorin Makka, ta danne. Wata ta taso, ta haɗiye ta da zafinta. Inuwar itacen bedi ta ja jiki daga ƙafarta zuwa tasa. Kaza ta zo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba labari, ta wuce.

Can Sajo ya yi magana, ba tare da ya dube ta ba.

"Ba wanda ya yi min komi. Shi ne abin kunyar. In na buɗe ido da sahe sai in ji an ɗora min buhu, ban san mai shi ba, ban san inda zan kai shi ba. Hura ba ta da ɗanɗano. Yarana na dariya ina jin su kamar daga wani gari." Ya shafa buhun da yake zaune a kai. "Abin da kike faɗa da wasa, akwai mai faɗa min shi cikin kaina, shi ba da wasa ba. Kahin in iso nan ya riga ki."

Lami ta tuna kwana goma da ta yi tana tanadin zagi, har da ɗauko Labo ya taimaka. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin nan na Maijidda zai makantar da mutum, ko da yake an kashe wuta tun ɗazu.

"Wannan dajin da kake faɗa," ta ce, "akwai dawowa?"

"Ban sani ba."

A ranar ta buga wa Asiya waya, ta ce ta share hawayenta ba mai mutuwa, ta zayyana mata komai. Asiya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Inna, wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Akwai majo, babban ma'aikacin jinya, a likita, asibitin nan na Agiye, da ya san shi. Ki kai shi, kada kuma a riƙa barinshi shi kaɗai."

Sajo ya ce ba za shi ba.

"A ce Sajo ya haukace? Ina da ƴa mace, Hajiya. Wa zai shigo gidana neman aure?"

Lami ta yi tagumi. Sai ga wata maƙwabciya ta leƙo da kwanon kunu tana cewa ya jiki. Lami ta dubi kwanon, ta dubi Sajo, fuskarta ta washe.

"Wa ya ce kai ne marar lahiya? Cadawa duka ta san ni ke mutuwa. Kunu bakwai na sha jiya. Ni za a kai likita, kai direba ne kawai. In mun shiga ciki, abin da ya gudana tsakaninka da majo ne."

"Hajiya..."

"Ko za ka bar tsohuwa ta hau kabu-kabun yaran nan masu tashi sama? In na faɗi na karye, a ce Bahillace na tsaye yana kallo?"

Mutum na iya ƙin kansa, amma Sajo bai iya ƙin ɗaukar tsohuwa ba. Ran Talata da sassafe ya ɗauko moto, wato babur. Lami ta fito tana dafa bango, mata biyu na riƙe da ita, tana nishin da aka ji har tasha. Da suka wuce gonakin ƙarshe ta miƙe zaune daram ta ce ya ƙara wuta, ba gawa ya ɗauko ba. Gero na tsaye dama da hagu ya sunkuyar da kai don nauyi, gawo ya fara toho, amalanken jakuna na kauce musu.

A likita suka tarar da mutanen Cadawa biyu kan benci, dole Lami ta koma nishi. Da layi ya zo kanta ta ce direbanta ya riƙo ta zuwa ciki. Majo Usaini, gajeren mutum mai tabarau a karan hanci, ya ɗaura mata abin awo a damtse ya hura. Ya duba, ya saki, ya sake hurawa. Ya aika aka kawo wani abin awon.

"Hajiya, tun yaushe kike jin jiri?"

Ta leƙa ƙofa ta ga a rufe take, ta yi abin da a wurinta raɗa ne.

"Ɗana, ni lahiyata lau. Ƙarya na yi don mutane. Ga wanda na kawo maka."

"To, ƙaryar taki ta kai sha tara," in ji majo. "Tansiyonki ke nan. Da wannan hawan jini ban san yadda kika zo zaune ba."

"Abin awonka ya lalace."

"Biyu na gwada."

"Duka biyun."

Ya buɗe mata karne, ɗan littafin marar lafiya, ya rubuta, ya ce ta jira waje. Sajo ya fi awa ɗaya a ciki. Lami ta zauna kan benci tana jin zuciyarta na bugawa a kunne, ta rasa ko tsoron Sajo ne ko sha taran. Da aka sake kiranta ta ga idon Sajo ya yi ja, amma kafaɗunsa sun ɗan sauka.

"Ya yarda in gaya miki, tun da ke ce uwar ɗakinshi," in ji majo. "Ciwon damuwa ne. Ba hauka ba ne, ba ragwanci ba, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Kamar naki ne, yana shiga ba sallama, wani lokaci da dalili, wani lokaci babu. Na ba shi ƙwaya, amma ba ta aiki rana ɗaya, sai an yi makonni. Duk mako biyu ya dawo mu zauna mu yi magana. Matarshi da ƙanenshi su sani. In maganar dajin nan ta taso da ƙarhi, kada a jira randebu, ranar da na rubuta, a kawo shi ran nan."

"In ba shi konje, ya huta da aiki ya kwanta gida?"

"A'a. In kin raba shi da aiki kin ba shi bango ya kalla. Ki rage mishi, kada ki karɓe."

Lami ta gyara zama, ta yi tambayar da ta fi damunta.

"Wasan fa? A daina?"

Majo ya ɗan yi murmushi. "In kin daina zai ce an binne shi. Ki zagi tsawonshi, ki zagi shanunshi. Amma 'ba ka da amfani' ki ajiye ta, ta yi kama da abin da ciwon ke gaya mishi. In bai rama ba kuma kada ki ƙara, ki zauna kawai." Ya juya takarda. "Ke kuma ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya, a rage maiƙo, a rage hayaniya."

"To in ci mi? In yi magana da mi?"

Sajo bai yi dariya ba. Amma ya miƙa hannu ya karɓi karne biyun ya sa a aljihu, ya ce wa majo in aka bar mata nata, kafin Cadawa ta kunna wuta da shi.

Aka sauya tsarin gidan. Ƙwayar na sa Sajo nauyin jiki da safe, don haka aka ce ya riƙa zuwa da hantsi. Sai an sami mai tada inji kafin nan. Maijidda ta ɗaure ɗamara ta ce ita ta haifi takwas, ba ƙarfen da zai gagare ta. Ranar farko hannun injin ya wurga ta cikin buhunan ɓawo, ƙafafu sama. Rana ta uku inji ya tashi, ta yi guɗa har aka zo tambayar wa ya haihu. Ita kaɗai aka gaya wa gaskiya cikin matan, sauran aka ce musu direban Hajiya na gajiya. Lami ta ɗauke kujerarta daga rumfa ta kai kusa da inji, wai don kada Bahillace ya sace mata gazuwal. Wani lokaci ta jefa masa ɗan zagi ƙarami, a kan hula ko ƙafa. In ya yi shiru, ita ma ta yi. Dikko ya zo daga ruga ya yi kwana uku, da zai koma ya jingina sandar a bayan ƙofa.

Kwana shida ba su isa warkar da kowa ba. Sajo na nan yadda yake, fura na rage fiye da rabi. Wata ya mutu ran Litinin.

Da safen nan Lami ta zauna tana fuskantar ƙofar gida da faifai a cinya, tana tsintar gujiya, tana zubar da masu kyau tana ajiye ruɓaɓɓu. Hantsi ya yi. Hantsi ya wuce. Maijidda ta tada inji ta kashe, ta sake tadawa don a sami ƙarar da za ta rufe shirun. Rana ta kusa tsakiya aka ji moto a lungu.

Ya shigo ya yi sallama. Lami ba ta ɗago ba.

"Wata ya mutu," ta ce.

"Na gani."

"To?"

"Majo ya rubuta Talata ta sama. Mu biyu."

"Na san da Talata. Daji nike tambaya."

Sajo ya dubi ƙasa.

"Daji na nan, ba inda za shi," ya ce. "Ban warke ba, Hajiya. Buhun na nan. Amma zan kai Talatar. Sai mu ga wadda zai rubuta." Ya shafa ciki. "Kuma tun ɗazu kamar yunwa nike ji."

An hana Lami hayaniya, amma kiran da ta yi wa Maijidda a ranar sai da Labo ya zubar da shayi a tasha. Aka kawo shinkafa da wake kwano biyu, nasa da mai da yaji da gishiri, nata fari fat kamar na mai takaba. Ta ci tana hararar kwanonsa. Ya ci rabi, ya sha ruwa, ya tashi ya nufi inji.

Talatar ta zo, majo ya rubuta wata. Ita ma ta zo. Daga mako biyu aka koma wata-wata, yanzu an shekara. Akwai makonnin da Sajo ke cika gida da baki, akwai waɗanda yake komawa ga shirunsa, sai Lami ta ja kujera ta zauna, ta aika wa Inno cewa a sa ido. Ba wanda ya sake tada maganar barin aiki. Tansiyon Hajiya ya sauko sha biyar, tana cewa da ma can abin awon ne aka gyara.

Ranar randebu, in moton ya fito daga lungu ya hau kwalta, shi a gaba da karne biyu a aljihu, ita a baya ta cika wurin zama da rabin nasa, masu shayi da masu tsire da ƴan kamasho sukan ɗaga hannu.

"Allah ƙara sauƙi, Hajiya!"

Ta ɗaga hannu a raunane, kamar yadda ya kamaci marar lafiya.

"Amin," ta ce.

Direban ma yakan ce amin, amma ƙarar moto ba ta bari a ji.